Ɗora yankan ƙwaƙwalwar ɓera kan taswirar Allen

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da hotunan yankan ƙwaƙwalwar ɓera, kaurin kowanne maikiron 50 (maikiron dubu ne milimita ɗaya). Ina so in ɗora su kan taswirar Allen CCFv3, wato taswirar ƙwaƙwalwar ɓera ta Cibiyar Allen, in ƙirga ƙwayoyin jijiya yanki-yanki. Ta ina zan fara?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam, Malam. Fara da manhajar QuickNII, ka saita wurin kowane yanka a taswirar da karkacewar wuƙa. Sai manhajar VisuAlign, don gyara inda nama ya miƙe ko ya takure. Manhajar Nutil ce za ta yi ƙirgar. Sa lambar yanka a sunan fayil, kamar _s001, in ba haka ba jerin zai rikice.

Amsa ta 2: Duba shekarun ɓerayenka tukuna. An haɗa CCFv3 daga ƙwaƙwalen manyan ɓeraye nau'in C57BL/6J guda 1,675, don haka ƙwaƙwalwar jaririn ɓera ba za ta zauna daidai ba. Kada kuma ka kwashi ma'aunin taswirar kai tsaye zuwa tiyata: ba daga bregma (mahaɗar ƙasusuwa a saman ƙoƙon kai) take farawa ba, saɓanin taswirar Paxinos da Franklin.

Amsa ta 3: In hoton ƙwaƙwalwar ɗungurungum aka ɗauka, manhajar brainreg ta fi dacewa. Taswira mai ma'aunin maikiron 25 ta wadatar, ta 10 tana cinye ma'adanar kwamfuta.