Open source: a agaza min da Hausarta kafin ƙarfe takwas

Mai Shirin Fasaha: Salamu alaikum. Yau da takwas na dare zan shiga rediyo nan Katsina, kan abin da ya sa Microsoft ta rungumi abin da ta taɓa tsana, wato manhajojin open source. A 2001 shugabanta Steve Ballmer ya kira Linux, manhajar open source mai tafiyar da kwamfuta, ciwon daji, a 2018 sai ga ta ta sayi GitHub, dandalin da masu rubuta irin wannan manhaja ke ajiye aikinsu, kan dala biliyan 7.5. Komai ya kammala sai Hausar open source. Sau uku ina rubuta "manhajar kyauta" ina sokewa, biro har ya huda takardar.

Injiniya: Gara da kika soke, Hajiya. Da irin wannan manhaja kamfanin Red Hat ke cin abinci, har IBM ta saye shi kan dala biliyan 34 a 2019. Ba kyauta ake nufi ba. Rubutun da aka gina manhajar da shi ake bajewa a fili, kowa ya duba, ya gyara, ya miƙa wa wani bisa sharaɗin lasisi. Ni "buɗaɗɗen tushe" nake cewa.

Malam Mai Alli: Wannan Turanci ne aka sa wa babbar riga. Gwaggona ta Ƙofar Soro in ta ji buɗaɗɗen tushe, za ta ɗauka ruwa ne ya tone gindin kuka. Ku ce "manhajar gayya". Kowa da fartanyarsa.

Injiniya: Allah gafarta Malam, ka zo kusa, har ma ka ba Hajiya amsar shirinta. Babban manomi ba don son mutane yake kiran gayya ba, aikin wata ne ake gama masa a yini. Da Satya Nadella ya karɓi shugabancin Microsoft a 2014, riba ta fara komawa wajen ba da hayar manyan kwamfutoci ta Azure, masu hayar kuwa da yawansu Linux suke so. Ko ka ba su, ko su wuce wajen Amazon. Ga ƙwararru, inda aiki yake a buɗe nan suke taruwa. Sai dai kalmar ta yi gurgunta: akasarin masu aikin Linux yanzu albashi kamfanoni irin Intel da Google ke biyan su. Gayya kuwa fura ce ladarta.

Badauri: Kuna ta wahala. "Manhajar Kusugu." Rijiya ɗaya, gari duka na sha.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Kusugun da maciji ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a? Ai wannan sunan kishiyarta ka samo mana.

Badauri: Bayan an kashe macijin nake nufi. Kuma in maganar tushe ce, Daura ta Abdu tushen Hausa, mu za a tambaya.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Tushe naku, karatu namu. Ka zo ka kalli Gobarau.

Malam Mai Alli: Duk ba wannan ba. Abin takaicin, gobe wani a Kano zai faɗi tasa sau ɗaya, a ce ita ce daidaitacciya.

Mai Shirin Fasaha: Don Allah Malamai, bakwai ta gota, ko sallar isha ban yi tanadinta ba.

Injiniya: Ki ce buɗaɗɗen tushe, nan take ki bi da "wato wadda aka baje asirinta kowa ya sa hannu". In kin zo kan dalilin kamfanin, ki ɗauko gayyar Malam.

Malam Mai Alli: Ban yarda ba, amma tunda sauri ake, je ki. Ki dai ambaci gayyar sau biyu.

Badauri: Zan bugo waya cikin shirin.