Mura ta kama min yara biyu, me zan ba su a gida?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Tun da iskar hunturun nan ta taso yarana suka kwanta da mura, babban shekararsa 4, ƙaramar watanta 8. Majina ba ta tsayawa, da dare kuma tari. Ita jaririyar hancinta ya toshe, ta kama nono ta saki, sai kuka. Surukata ta ce in haɗa musu zuma da lemun tsami, mai kemis ɗin layinmu kuma ya ba ni Amoxicillin. Ban fara ba su ko ɗaya ba. Don Allah ku ba ni shawara.

Hajiya Kaka:
Wa alaikumus salam 'yata, sannu da jinya. Mu da citta muka reni namu. Ki daka ta da ɗan kanumfari, ki tafasa ki tace, in ya sha iska ki matsa lemun tsami ki zuba zuma cokali ɗaya. Da safe kunu mai ɗumi, da rana romon farfesu ba yaji da yawa. Ki shafa man kaɗanya a bakin hanci don kada ya tsage. Turaren wuta kuma ki ɗaga masa ƙafa kwana biyu, hayaƙinsa na tayar da tari.

Anti Nas:
Hajiya, a gafarce ni, haɗin nan ya yi wa babban daidai, zuma na sassauta tarin dare. Amma yaron da bai cika shekara 1 ba ba a ba shi zuma ko ɗigo. Takan zo da wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya kashewa, ta saki dafi, jikinsa ya saki, har tsotso da numfashi su gagare shi.

Ƙanwata, maganin ƙaramar yana jikinki: nono, akai-akai. Ki sayi ruwan gishirin ɗigawa a hanci a kemis, ki ɗiga mata ɗigo biyu kowane ɓangare kafin ta sha, majinar za ta yi laushi ki goge. Amoxicillin ɗin ki ajiye shi. Mura bairos ke kawo ta, shi kuwa bakteriya yake kashewa. Ba zai rage mata ko kwana ɗaya ba, sai dai ya jawo gudawa. Ita da kanta take tafiya cikin kwana 7 zuwa 10, tari kan ɗan daɗe. In akwai zafin jiki, Farasitamol na yara daidai nauyinsu, kada ki kuskura ki ba su Asfirin.

Hajiya Kaka:
To, mu dai mun lasa wa namu zuma, ga su nan da 'ya'yansu.

Anti Nas:
Haka ne Hajiya, ba kowane yaro take kamawa ba. Wanda ta kama ne ake kwana asibiti a kansa.

Baban Gida:
Ni jan kunnena biyu ne. Surace na manya ne. Yaro zai zabura ya kifar da tukunya, ga mura ga ƙuna. Sannan kada sanyi ya sa a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, a cikin barci take kashe mutane.

Anti Nas:
Na manta babban abu. Idan jaririyar ta yi barci ki ɗaga rigarta ki ƙirga numfashinta na minti ɗaya cur. A watanninta, 50 zuwa sama ya yi sauri; shi babban kuma 40. Ko ki ga ƙasan haƙarƙarinta na lotsawa in ta ja numfashi, ko ta ƙi nono gaba ɗaya, to ba mura ba ce kaɗai, limoniya, wato ciwon huhu, ake tsoro, asibiti ko da tsakar dare. Zazzaɓi kuma a yi gwajin maleriya tukuna, kada a ce ai sanyi ne.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ƙirga, 42 na samu, jikinta kuma ba zafi. Saura surukata, don ta riga ta aiko da zumar daga ƙauye, kuma gobe za ta tambaya.

Hajiya Kaka:
Kada ki tsaya musu da ita 'yata. Ki dama wa babban a gabanta ta ga ana sha, ita ma ki miƙa mata kofi. Zancen jaririya ki bar wa ɗanta, ya ce malaman asibiti ne suka hana sai ta shekara.