Daga Fas zuwa garuruwan dabino da ƙauyukan duwatsun Atlas: a ba ni shawara

Baban Hafsa:

Assalamu alaikum jama'a. A ƙarshen Oktoba in Allah ya yarda zan raka Hajiyarmu ziyara Fas a ƙasar Maroko, zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani. Biza ta fito, tikiti ma an yanka. Bayan mun gama ziyara akwai kwana biyar kafin jirginmu ya tashi daga Kasablanka, ba na so mu ƙare su a ɗakin otal. Wani mai shirya tafiye-tafiye ya turo mini tsari: a tashi daga Fas zuwa Marzuga, a hau raƙumi, a kwana a tanti cikin rairayi, sannan a bi ta Todra da Warzazat a sauka Marakesh, duka cikin kwana uku.

Ni mutumin Maigatari ne, raƙumi ba baƙona ba ne, a kasuwarmu nake ganinsa. Abin da raina yake so shi ne in ga yadda mutane ke rayuwa a dausayin dabino, da ƙauyukan Berber da ke maƙale a jikin duwatsu. Hajiya kuma ta doshi saba'in, gwiwa tana damunta. Wanda ya taɓa bin hanyar nan ya faɗa mini gaskiya: wannan tsarin zai yi mana?

Ɗan Agadas:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya karɓi ziyara, ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Tsarin nan na Turawa ne waɗanda ba su taɓa taka yashi ba. Daga Fas zuwa Marzuga kusan kilomita 470 ne, awa 7 ko 8 a mota, daga can zuwa Marakesh kuma ya fi haka nisa. Kwana ukun nan a kujerar mota za ku yi su. Tudun rairayin Marzuga yana da kyau, musamman da hantsi, amma awa ɗaya ta ishe ka. Abin kallo na gaske ka wuce shi a hanya kana gyangyaɗi.

Da ka wuce Rashidiyya sai kwarin kogin Ziz ya buɗe a ƙasanka: hagu dutse ja, dama dutse ja, tsakiya kuma dabino kore shar yana bin ruwa har inda ido ya ƙare. Ka ce direba ya sauka da ku ciki. A nan za ka ga noma hawa uku. Dabino a sama yana tare rana, ƙarƙashinsa rumman da zaitun da ɓaure, a ƙasa kuma alkama da sha'ir da ciyawar dabbobi. Ruwa ba na kowa ba ne shi kaɗai, kowane gida da lokacinsa, in lokacinka ya cika sai a toshe bakin lambunka da laka a buɗe wa maƙwabci. Mu ma haka muka taso muna gani a lambunan Timia da Iferwan, shi ya sa wurin ya kama ni sosai.

Amma akwai abin da suka fi mu. A hanyar Arfud zuwa Tinjdad za ka ga tulin ƙasa jere a fili, layi-layi. Bakin rijiyoyi ne. Suna kiran abin khattara. Magabatansu sun haƙa rijiya a gindin tudu inda ruwa yake kusa, suka yi rami a ƙarƙashin ƙasa mai ɗan gangara kaɗan, ruwa ya riƙa tafiya da kansa kilomita da yawa har cikin gonaki, ba inji ba guga, rana kuma ba ta shanye shi. Rijiyoyin da ke jere ta nan ake fitar da ƙasa, ta nan ake shiga yashe ramin. Yawancinsu sun ƙafe yanzu, fari ya yi yawa, injinan ban ruwa kuma sun ja ruwan ƙasa ya yi nisa. Akwai waɗanda aka yi wa matakala ana shiga. Ka shiga, Malam. In ka tsaya cikin wannan rami ka tuna da hannu aka haƙa shi, za ka san darajar ruwa a wurin mutanen nan.

Ku kwana a Risani ko Arfud. Kasuwar Risani tana ci Talata da Alhamis da Lahadi, kuma Oktoba kakar dabino ce, za ka sami irin dabinon da ake kira majhul sabon yanka. A gefen garin kangon Sijilmasa yake, birnin da aka kafa a 757, inda ayarin gishiri da zinariya ke tashi. Daga nan Ibn Battuta ya kama hanyar Mali a 1352, a dawowarsa ya biyo ta Takadda a ƙasarmu. Ba abin da ya rage sai guntayen bango, amma wanda ya san tarihin fatake ba zai ga kango kawai ba. Hubbaren Maulaye Ali Sharif, kakan gidan sarautar Maroko, shi ma yana nan Risani, Hajiya za ta so shi.

Maman Iklima:

Sannunku. Duk abin da Malam na Agadas ya faɗa haka ne, sai dai ya bar rabin tambayar, wato duwatsu.

Mun je Imlil da maigidana, ƙauye ne kudu da Marakesh, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi, a gindin Tubkal, dutsen da ya fi kowane tsawo a arewacin Afirka, mita 4,167. Gidaje na dutse da laka, rufin wani shi ne tsakar gidan wani. Gonaki ƙanana an sassare su a jikin dutse hawa-hawa, tuffa da ceri da bishiyar jauz, ruwan dusar ƙanƙara yana gudu a ƙananan magudanai ta ƙofar kowa. Kaya duk a alfadari ake ɗauka. Matan nan kuwa, Allah ya saka musu. Za ka ga tsohuwa da damin ciyawa ya fi ta girma tana hawa inda ni nake haki ba kaya.

Mun sauka a gidan wasu mutane da ke karɓar baƙi. Uwar gidan ba ta jin Larabci sosai, yarensu na Tashalhit take yi, ni kuma ba Larabcin kirki, amma da ta ga na shimfiɗa sallaya sai ta kama hannuna ta kai ni inda ruwan ɗumi yake. Da asuba na ji liman yana karatu da Warshu, irin wanda muka yi a makarantar allo, har hawaye ya zo mini.

To amma Baban Hafsa, don Allah kada ka kai Hajiya can. Daga inda mota ke tsayawa zuwa yawancin masaukai hawa ne, ga sanyin dare mai shiga ƙashi. Kuma yankin ne girgizar ƙasa ta 8 ga Satumba 2023 ta afka wa, mutum kusan 3,000 suka rasu, har tsohon masallacin Tinmal na ƙarni na 12 ya rushe. In ka je irin waɗannan ƙauyuka ka ga gida a rushe, ka ajiye waya. Akwai wanda 'ya'yansa suka rasu a ciki. Ka sayi abinsu, ka kwana a gidansu ka biya, ya fi musu hoto amfani. Mata kuma ba a ɗaukarsu sai an tambaya.

Ɗalibi a Fas:

Yaya barka da shiri. Ina karatu a nan Fas, ga abin da zan ƙara.

Ba sai kun je Imlil za ku ga ƙauyukan Amazigh, wato Berber, ba. Tingir da kwarin Dades duka nasu ne, kuma mota tana kai ka har ƙofa. A mashigin Todra titi ya ratsa tsakanin bangon dutse biyu, ƙasa a shimfiɗe take, Hajiya za ta iya takawa a hankali ta zauna bakin ruwa. Ait Ben Haddu, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1987, a hango shi daga ƙetaren rafi ya wadatar da ita, kai ka hau. Za ka lura da wani rubutu a allunan hanya da na ma'aikatu bayan Larabci, Tifinag ne, ɗan'uwan wanda Abzinawa ke yi. Tun 2011 harshensu ya zama na hukuma.

Ku ɗauki mota da direba taku ku kaɗai, ku rarraba tafiyar kwana huɗu, ku yi ciniki kafin a tashi. Ka faɗa masa tun farko ba ka son a tsaya da ku shagon darduma, don wani direba ya taɓa cinye mana rabin yini a haka. Tsakanin Warzazat da Marakesh akwai hawan Tishka, mita 2,260, hanya ce mai yawan lanƙwasa, a ba Hajiya kujerar gaba da maganin jiri. Ku riƙe dirhami a hannu, ƙauye ba a karɓar kati. Fasfo kada ya bar aljihunka. Rigar sanyi mai kauri da safa, tun daga garin Ifran, ba nisa da barin Fas, za ku neme su.

Baban Hafsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Hajiya, da ta ji maganar hubbaren Risani da dabino sabon yanka ta ce a soke raƙumin. Za mu kwana biyu a Tafilalt, wato yankin Risani da Arfud, ɗaya a Tingir, ɗaya a Warzazat, mu hau jirgin ƙasa daga Marakesh zuwa Kasablanka. Imlil na bar shi sai na dawo da iyali. Ƙanina na Fas, in akwai direban da ka yarda da shi, mai haƙuri da tsofaffi kuma mai tsayawa in lokacin salla ya yi, ka turo mini ta saƙo.