Alfadari ne ko ba alfadari ba? Takaddamar ƙwan saniya da ƙwayar mutum

Usmanu (Garwa): Assalamu alaikum 'yan zaure. Sau biyu ke nan ina kawo wannan magana ana tsallake ta, alhali da hoton biki ne da tuni an cika wuri. Yau sai an amsa mini. Masu tsine wa binciken da ake saka ƙwayar jikin mutum cikin ƙwan saniya don samun ƙwayoyin tushe, wato ƙwayoyin da ke iya rikiɗa su zama kowane irin ɓangaren jiki, ba su yi wa mata adalci ba. Me ya kai masana ga ƙwan saniya tun farko? Ƙwan mace ba ya samuwa cikin sauƙi. Sai an yi mata allurar homon kullum na kwana 10 zuwa 12, a sa mata maganin barci, a soka doguwar allura har gidan ƙwai a zuƙo, a samu 10 zuwa 15 in an dace. Wata cikinta ya tara ruwa, jininta ya yi kauri, sai an kwantar da ita. A Koriya ta Kudu, Hwang Woo-suk ya ƙarar da ƙwai sama da 2,000, har da na matan da ke aiki a ƙarƙashinsa, daga baya aka gano sakamakon nasa ƙarya ne. Gidan ƙwan saniya kuwa zubar da shi ake yi a mahauta. In ɗan alfadarin da ba zai wuce kwana 14 a cikin kwanon ɗakin bincike ba zai hutar da mace ko ɗaya, ni ina bayansa.

Dokta Hamadu (likitan dabbobi, Ngaundere): Wa alaikumus salam. Usmanu, cire kalmar alfadari. Alfadari barbara ce: maniyyin jaki ya haɗu da ƙwan goɗiya, doki na da kuromozom, wato ƙunshin gadon halitta, guda 64, jaki 62, ɗan ya fito da 63, shi ya sa ba ya haihuwa. A nan babu maniyyi kwata-kwata. Ana zare cibiyar ƙwan saniya, wato tsakiyarsa mai ɗauke da gado, da kuromozom ɗinta duka, a saka cibiyar ƙwayar fatar mutum mai 46. Gadon uba da uwa bai cakuɗa ba. Sunansa sibirid. Da bakinka ka miƙa wa masu suka sandar dukanka.

Malam Bello: Ni kuma na ce ya bar ta, gaskiya ce ta kufce masa. Abu Dawud da Nasa'i sun ruwaito cewa an kawo wa Annabi (SAW) kyautar alfadara ya hau, Sayyidina Ali ya ce da za mu ɗora jakuna a kan dawaki da mun samu irinta, sai ya ce waɗanda ba su sani ba ne ke yin haka. Tsakanin dabba da dabba ke nan. Ina ga ɗan Adam da Allah Ya ce Ya karrama?

Dokta Hamadu: Allah ya gafarta malam, a hadisin da ka kawo ai hawanta ya yi. Kuma aya ta 8 a Suratun Nahli ta ƙirga alfadarai cikin ni'imomi tare da dawaki da jakuna. Malamai da yawa karhanci suka fahimta, ba haramci ba. Ka riƙe kalmar ne don ta yi maka daɗin hujja.

Malam Bello: Dokta, fatawar allurar shanu taka ce, ba na shiga. Wannan kuma bar wa masu ita.

Sa'adu (Marwa): Malam ya faɗi gaskiya. Kowa ya tsaya inda Allah ya ajiye shi.

Dokta Amina (Injamena): Ba alfadari ba ne, amma kada a wanke shi fes. Lokacin da ake muhawarar halatta shi a Ingila an yi ta maimaita cewa kashi 99.9 cikin ɗari na mutum ne. Wannan ƙidayar jinsin ƙwayoyin gado ce: cibiyar mutum na da kusan 20,000 masu samar da furotin, mitokondiriyar saniya, wato 'yan injinan samar da ƙarfi da ke saura a ruwan ƙwan, na da 37 kacal, 13 daga ciki na furotin. Amma ku auna ta wani gefen. Zoben gadon mitokondiriyar saniya harafi 16,000 ne da 'yan kai, kuma nunannen ƙwai na ɗauke da kwafinsa sama da 100,000. Ku ninka: harafi biliyan ɗaya da rabi ya wuce, a gefen biliyan 6 na cibiyar mutum. Ruwan ƙwan, furotin ɗinsa, saƙonnin da ke tafiyar da rabuwar farko, duk na saniya ne. A kwana biyun farko saniya ce ke riƙe da linzami.

Sa'adu: To kun ji. Likita da kanta ta ce saniya ce. Alfadari ya tabbata.

Dokta Amina: Ban ce haka ba, Sa'adu. Karanta kafin ka yi tsalle.

Usmanu: Jama'a, maganar mata na kawo fa.

Dokta Hamadu: Bari in shimfiɗa yadda ake yi, don wasu na zaton saniya ake kawowa a kwantar. Ana ɗauko gidan ƙwai daga mahauta cikin ruwan gishiri mai ɗumi, digiri 30 zuwa 35, a iso ɗakin bincike cikin 'yan sa'o'i. In ya huce a hanya an yi asara. Da allura mai lamba 18 ake zuƙo ƙwai daga ƙurajen da girmansu ya kai milimita 2 zuwa 8. A zaɓi masu cikakkiyar riga, a nunar da su sa'a 22 zuwa 24 a ruwan TCM-199, zafi 38.5, iskar kabon kashi 5. Sannan a sa sitokalasin B don ƙwan ya yi laushi kada ya fashe, a rina gadon da rinin Hoechst, a zare shi da siririn bututun gilashi. Hasken da ake duba rinin da shi yana ƙona ƙwai, in aka wuce 'yan daƙiƙu an kashe shi. A tura ƙwayar mutum ƙarƙashin ɓawo, a buga lantarki su manne, a tashe shi da sinadarin ayonomisin minti 5, sai sinadarin 6-DMAP na sa'a 3 zuwa 4. Da irin wannan dashen cibiya, wato kwafin halitta, aka samu tunkiyar nan Dolly a 1996, kuma ita ma cikin ƙwai 277 ɗaya ta tsira. Mu masu dabbobi muka gina wannan sana'a kafin likitocin mutane su ara.

Dokta Amina: Ara? A 1978 aka haifi jaririyar farko ta hanyar haɗa ƙwai a kwano, kuma James Thomson ne ya fitar da ƙwayoyin tushe daga tayin mutum a 1998. Kullum mutanen makarantar dabbobi ta Ngaundere sai sun nuna su ne farko.

Dokta Hamadu: James Thomson ɗin da kika ambata likitan dabbobi ne, Hajiya. Ki bincika.

Garba (Kusiri): An gama da mutanen Injamena!

Dokta Amina: Garba, in kana da ilimi ka kawo, in tafi kawai ka zo yi ka koma gefe. Dokta, ka lissafo matakai amma ka tsallake inda abin ke mutuwa. Gadon tayin mutum yana farkawa ne tsakanin ƙwaya 4 zuwa 8, na saniya tsakanin 8 zuwa 16. Agogon ƙwan da na cibiyar ba su daidaita ba. Na biyu, injin numfashin mitokondiriya haɗin gwiwa ne: rukuninsa na farko yana da sassa kusan 45, bakwai daga mitokondiriya, sauran daga cibiya. Sassan mutum ba sa zama daram a kan na saniya, ƙarfi ya ragu, rabuwa ta tsaya. A Janairun 2008 HFEA, hukumar Ingila mai sa ido kan binciken tayi, ta ba Jami'ar Newcastle da King's College ta Landan lasisin yin sibirid, amma sibirid ɗin da Newcastle ta sanar a Afrilun shekarar kwana 3 suka yi. A 2009 ayarin Robert Lanza a Amurka ya nuna ƙwan saniya da na zomo ba sa mayar da cibiyar mutum yarinta yadda ƙwan mace ke yi. Rahoton Shanghai na 2003 da ƙwan zomo ne kawai ya ce ya samu ƙwayoyin tushe, kuma bai zama hanyar da wasu suka iya bi ba.

Malam Bello: To abin da ba ya aiki, me ya sa majalisar Ingila ta halatta shi?

Usmanu: Da sharaɗi, Malam. Dokar 2008 ta hana wuce kwana 14, ta hana dasa shi a mahaifar mace ko ta dabba. An kawo ƙudurin haramtawa a Mayun shekarar, ya faɗi da ƙuri'a 336 da 176. Kwana 14 kuma ba zaɓen son rai ba ne, lokacin ne layin farko na jiki ke bayyana, tayi ya daina iya rabuwa ya zama tagwaye. Kai kanka ka san hadisin Ibn Mas'ud: arba'in uku, kwana 120 kafin a busa rai.

Malam Bello: Ka ɗauko hadisi ɗaya ka bar na Huzaifa ibn Asid a Muslim mai dare 42. Kuma mu nan Malikiyya ne. A wurinmu maniyyi in ya zauna a mahaifa ba a fitar da shi ko kafin arba'in.

Modibbo Yaya (Garwa): Malam Bello, "in ya zauna a mahaifa" ka ce. Wannan bai taɓa ganin mahaifa ba, kuma babu maniyyi. Kiyasinka ya rasa ƙafa. In haramci kake nema ga inda yake: majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka, zamanta na 2003, ta halatta ƙwayoyin tushe daga mabiya, igiyar cibiya, jikin baligi da yardarsa, da rarar ƙwan ma'aurata da aka haɗa a kwano in sun yarda. Ta hana wanda aka samo ta kwafin halitta ko da don magani ne. Sibirid kwafin halitta ne. Da wannan za ka kama shi, ba da alfadari ba.

Malam Bello: Tun yaushe Modibbo ya koma karɓar fatawa daga Makka? Ran da aka yi maganar maulidi ba haka ka ce ba.

Modibbo Yaya: Kada ka shigo da ɗariƙa da Izala cikin maganar ƙwai.

Sa'adu: Ai shi ya fara.

Garba: Ku bar saniya ma, alade fa? A 2017 cibiyar Salk ta Amurka ta zuba ƙwayoyin mutum cikin tayin alade aka bar shi mako 4 a cikin uwar. Wannan ba alfadari ba ne?

Dokta Hamadu: Shi ma a'a. Kimera ne: kowace ƙwaya na nan da gadonta, zaman haya suke yi a jiki ɗaya. A na alade kusan ƙwaya 1 cikin 100,000 ce ta mutum. Dabarar ta Hiromitsu Nakauchi ce: a 2010 ya kashe ƙwayar gadon Pdx1 a ɓera don kada ya yi gaɓar da ke samar da insulin, ƙwayoyin gafiya suka cike gurbin. A 2023 a Guangzhou an samu ƙodar farko-farko a tayin alade mai kwana 28, fiye da rabin ƙwayoyinta na mutum. Duk mai ɗan'uwa a layin wankin ƙoda ya san me ake nema.

Dokta Amina: Ka faɗi na biri ma. A 2021 a Kunming an saka ƙwayoyin mutum 25 cikin kowane ɗaya daga tayin biri 132, uku suka kai kwana 19. Nan ne tsorona yake, ba a ƙwan saniya ba: ƙwayar mutum ta ɓace hanya ta shiga ƙwaƙwalwa ko maraina. In ba a kashe mata hanyar zama jijiya da iri ba, kuma ba a hana dabbar barbara ba, ni ba na goyon baya.

Hajiya Ladi (ungozoma, Garwa): Tun safe maza na faɗa a kan jaki da goɗiya, babu wanda ya amsa tambayar Usmanu. Ƙanina, ga amsarka. Damuwarka gaskiya ce amma ta tsufa. Tun 2006 a ɓera, 2007 a mutum, Shinya Yamanaka ya mayar da ƙwayar fata ƙwayar tushe da sinadarai huɗu, Oct4, Sox2, Klf4 da c-Myc, babu ƙwan mace, babu na saniya. Yana da nasa aibin, c-Myc na iya jawo ƙari. Amma shi ya sa kuɗin binciken sibirid ya ƙafe a Ingila. Kuma da aka yi nasarar kwafin tayin mutum a Oregon ta Amurka a 2013, da ƙwan mata aka yi, an biya su kuɗi. Abin da ya kamata mu tattauna shi ne ranar da za a zo ana taya ƙwan 'yan matanmu da sefa, wa zai tsaya musu?

Sa'adu: Hajiya, ke dai faɗa mana, alfadari ne ko ba shi ba ne?

Alhaji Sani (shugaban zaure): Ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da aka cimma. Na ɗaya, likitoci da kansu sun yarda abin bai yi aiki ba, kuma Dokta Amina ta tabbatar saniya ce ke da rinjaye a ciki. Na biyu, malamanmu biyu sun haɗu a kan haramci, saɓaninsu na hanya ne kawai, kuma hujjar Malam Bello ba a ture ta ba. Na uku, Usmanu ne ya kira shi alfadari da bakinsa, don haka sunan ya zauna. Bayanin Dokta Hamadu na fasaha ne, bai shafi hukunci ba. Na rufe maganar, wanda ya sake ɗago ta zan cire saƙonsa.

Dokta Amina: Alhaji, kwana biyun farko na ce, ba rinjaye ba. Ka gyara wannan layin kafin a tura shi wani zaure da sunana.