Taƙaitawa: jitar da makaɗan Damagaram ke komawa gare ta

An tambayi wace jitar lantarki makaɗan Damagaram suka fi komawa gare ta. Ga abin da na tattaro daga maganganun ƴan'uwa:

1. Galibi sun fara da Stratocaster, jitar kamfanin Fender da ta fara fitowa a 1954. Mikro (na'urar ɗaukar sautin tsirkiya) uku masu naɗin waya ɗaya suna ba da siririn sautin kiɗan Agadas. Aibinta ƙarar ƙugin wutar lantarki, musamman a janareto. A sa makunnin zaɓen mikro a matsayi na 2 ko na 4, ƙarar takan ragu.

2. Masu kiɗan biki da dama sun karkata zuwa Telecaster, ita ma ta Fender. Mikro biyu, gada (mariƙin tsirkiya a jikin jitar) kafaffiya, saiti ba ya saurin gocewa. Ni ma nan na fi karkata.

3. A kan Les Paul, ta kamfanin Gibson, ra'ayi ya rabu. Wasu na son kaurin muryarta da gajartar tsirkiya, milimita 628 maimakon 648 na Fender, mai sauƙin lanƙwasawa. Wasu sun ce nauyinta, kilo 4 ko fiye, yana cin kafaɗa, kuma kanta kan karye in ta faɗi. SG, wata jitar Gibson, ba nauyi, sai dai wuyanta kan rinjaya ƙasa.

4. Kowa ya yarda bushewar hunturu na motsa katakon wuya. Don gyarawa, a juya ƙarfen da ke cikin wuyan kwatan zagaye ɗaya kawai, a jira kwana guda kafin a ƙara.