Muhawara: Shin kill -INT ya isa gwajin Ctrl+C?

Injiniya: Salamu alaikum jama'a. Ina nan kan bakata: Ctrl+C ba komai ba ne illa SIGINT, siginar katse manhaja, mai lamba 2. Ka tayar da manhajarka, ka tura mata wannan sigina da umarnin kill -INT, ka duba ko ta rufe fayilolinta ta fita lafiya. Gwaji ya ƙare ke nan.

Malama: Wa'alaikumus salam. Injiniya, ban yarda ba. Idan aka danna Ctrl+C, harafi mai lamba 3 ne ke shiga taminal, direbanta ya mayar da shi SIGINT. Kuma ba manhaja ɗaya yake tura wa ba, duk rukunin da ke aiki a gaba ne ke samu, uwa da 'ya'yanta, wato manhajar da waɗanda ta tayar. Kai kuwa uwar kaɗai ka taɓa.

Injiniya: Wannan mai sauƙi ne, Malama. Ki sa alamar debewa gaban lambar rukunin, kowa zai samu rabonsa.

Ɗalibi: Malamaina, a taimaka min. Na tayar da manhajar Python da alamar &, don ta yi aiki a bayan fage, a cikin rubutun umarni na bash, na tura mata SIGINT, ko gezau ba ta yi ba. Amma da hannu tana tsayawa nan take.

Malama: Ka ji ko, Injiniya? Ɗalibi, laifin ba na manhajarka ba ne. Duk abin da aka tayar da & cikin rubutu, bash yakan sa ya yi watsi da SIGINT, Python kuma idan ta tarar da haka ba ta kafa abin da ke jefo KeyboardInterrupt, wanda ke tsayar da manhajar. Gwajin ne ya canza yanayin da ake gwadawa. Ka buɗe taminal ta kwaikwayo da pexpect, wani laburaren Python, ka kira sendintr mai aika Ctrl+C, sannan ka duba ko sigina ce ta kashe manhajar. Idan SIGINT ce ta kashe ta, bash kan nuna lambar fita 130, wato 128 da 2.

Injiniya: Na amince da wannan a wurin irin su manhajar gyara rubutu vim, masu karɓe madannai su karanta harafin da kansu. Amma manhajar da ke aiki a saba (server), wadda ba ta da taminal ko kaɗan fa? Ɓata lokaci ne.

Malama: Ita wannan SIGTERM, siginar neman manhaja ta rufe, ya kamata ka gwada mata, shi systemd, mai kula da irin waɗannan manhajoji a Linux, ke fara turawa. Tambayar ɗalibin nan kan wadda mutum zai zauna gabanta ne.

Ɗalibi: To a Windows fa, inda CTRL_C_EVENT ake da shi a madadin SIGINT?

Injiniya: Can kam kill ɗina ba ya aiki. Turo lambobinka mu gani tukuna.