Butulci Ne Ko Lissafi? Yadda Aka Kayar da Churchill a Zaɓen 1945

Alhaji Garba: Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da na kwana da ita a raina, bari in sauke muku. Ni a wurina, ba a taɓa butulci a siyasa irin wanda mutanen Birtaniya suka yi wa Winston Churchill ba, firaministan da ya jagorance su a yaƙin duniya na biyu tun daga 1940. Ranar 8 ga Mayu, 1945 ake bikin faɗuwar Jamus, jama'a sun cika titunan Landan suna kiran sunansa. Ranar 5 ga Yuli aka kaɗa ƙuri'a, ko wata biyu ba a cika ba. Da aka ƙirga, jam'iyyarsa ta Conservative kujeru 197 ta tsira da su, Labour ta kwashe 393. Mutum ya yi maka rana, ka yi masa dare. In wani yana da wani suna da zai kira wannan, ina saurare.

Nura: Wa alaikumus salam Baba Alhaji. Kuma fa a lokacin ba a ma gama da Japan ba.

Alhaji Garba: Ka gani ko, ɗana. Yana tsakiyar taron Potsdam da Stalin da Truman ya ce bari ya je gida ya ji sakamako ya dawo. Bai koma ba. Sai Clement Attlee, shugaban Labour, aka gani ya zo ya zauna a kujerarsa.

Dakta Bashir: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Kafin a yi nisa, a tuna cewa a Birtaniya ba a zaɓen firaminista kai tsaye. Takardar da ake ba ka sunayen 'yan takarar mazaɓarka ne kawai a kai. Mai haƙar kwal a Durham ba sunan Churchill ya gani ba, sunan ɗan Conservative na garinsu ya gani, wanda ya san halinsa tun kafin yaƙi.

Malama Hadiza: Dakta ya buɗe mini ƙofa. Alhaji, da girmanka, lissafinka daga 1940 ya fara, nasu kuwa daga 1918. Da aka gama yaƙin duniya na farko, Lloyd George ya yi wa sojoji alkawarin ƙasar da ta dace da jarumai, da gidajen zama. Me suka tarar? Layin neman aiki. A farkon shekarun 1930 marasa aikin yi sun kusa miliyan 3. A 1936 maza kimanin 200 suka tako da ƙafa daga garin Jarrow har Landan, kusan mil 300, saboda an rufe ma'aikatar ƙera jiragen ruwan da garin ke ci da ita. Suka miƙa takardar koke, suka koma gida hannu rabbana. Kuma in mutum ya je karɓar tallafin rashin aiki, sai an turo jami'i ya shiga gidansa ya ƙirga abin da ya mallaka da abin da 'ya'yansa ke samu. Wa ke da rinjaye a majalisa a yawancin shekarun nan? Conservative. Wa ya je Munich a 1938 ya sa hannu da Hitler ya dawo yana kaɗa takarda? Neville Chamberlain, shugaban Conservative. Zaɓen ƙarshe kafin wannan a 1935 aka yi shi. Shekara goma mutane na riƙe da bashi ba su samu ranar karɓa ba. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Alhaji Garba: Amma Malama ai Churchill ne ya fi kowa sukar Munich. Laifin wani ya shafe shi?

Malama Hadiza: Shi ya ɗauki kayan da hannunsa. A Oktoban 1940 ya karɓi shugabancin jam'iyyar bayan Chamberlain ya sauka. In ka gaji gida, ka gaji bashin da ke kansa. Harold Macmillan ma, ɗan Conservative wanda ya rasa kujerarsa ta Stockton a wannan zaɓen, daga baya cewa ya yi fatalwar Chamberlain ce ta faɗi, ba Churchill ba.

Nura: Anti, ni abin da aka koya mana shi ne bakinsa ne ya ja masa. Ranar 4 ga Yuni ya shiga rediyo ya ce in Labour ta hau mulki, dole sai ta kafa wani abu mai kama da Gestapo. 'Yan sandan sirrin Hitler fa! Alhali makonni kaɗan da suka wuce jama'a suka ga hotunan sansanin Belsen, inda mutanen Hitler suka azabtar da fursunoni.

Dakta Bashir: Kuma waɗanda ya jefa da kalmar abokan aikinsa ne na shekara biyar. Attlee mataimakinsa ne. Ernest Bevin ke riƙe da ma'aikatar ƙwadago, Herbert Morrison na harkokin cikin gida. Washegari Attlee ya amsa masa a hankali, ya ce muryar da aka ji ta Churchill ce, amma tunanin na Lord Beaverbrook ne, mai jaridar nan. Ko ɗaga murya bai yi ba.

Malama Hadiza: Nura, jawabin ya yi masa illa, amma ba shi ya kayar da shi ba. Tun 1943 ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup ke nuna Labour a gaba, babu dai wanda ya ɗauke ta da muhimmanci ne. Sannan ka duba zaɓukan cike gurbi na lokacin yaƙi. Manyan jam'iyyu sun yi yarjejeniyar ba za su kara da juna ba, sai wata 'yar ƙaramar jam'iyya, Common Wealth, ta riƙa shiga tana ƙwace kujerun ɓangaren gwamnati: Eddisbury a 1943, Skipton a 1944, Chelmsford a Afrilun 1945. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, wadda za ta ɓaci ma haka.

Kawu Iro: Ku ba ni wuri in sa baki, ko da yake ni ban yi boko irin naku ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana cikin sojojin da aka kwasa zuwa Burma, runduna ta 81. Ya sha ba mu labarin wani saje Bature da ke tare da su. Ya ce in dare ya yi aka samu sararin shan shayi, mutumin nan ba ya zancen sarki, ba ya zancen Churchill. Hoton matarsa da 'yarsa yake zarowa daga aljihu, ya ce bam ya rushe musu gida, suna raɓe a ɗaki ɗaya a gidan surukai. Kullum zancensa ke nan: gida da aiki. Don haka ni na yarda da masu cewa sojoji ne suka kayar da shi. Ai saboda ƙuri'unsu aka jinkirta ƙirga har mako uku, sai 26 ga Yuli aka faɗi sakamako.

Nura: Allah ya jiƙan Baba. Su namu an ba su ƙuri'ar, Kawu?

Kawu Iro: Wace ƙuri'a? Harsashi dai aka raba da su.

Dakta Bashir: Amin. Kawu, labarin sajen nan ya yi daidai da yanayin lokacin. A 1944 sojojin Birtaniya da ke Alƙahira sun kafa majalisar kwaikwayo, suka yi zaɓe, Labour ta lashe, daga baya manya suka rufe ta. Sai dai lissafin bai kai a ce su kaɗai suka yi aikin ba. Ƙuri'un sojoji ba su kai miliyan 2 ba, kuma ba duka Labour suka yi ba. Ita kuwa Labour kusan miliyan 12 ta samu, ta ba wa Conservative da ƙawayenta tazarar kusan miliyan 2. Matan da ke layin karɓar rabon abinci da ma'aikatan masana'antu su suka yi yawancin aikin.

Malama Hadiza: Abin da ya haɗa sajen Kawu da matan layi shi ne rahoton Beveridge na Disambar 1942. Rahoton gwamnati ne fa, mai cike da lissafin inshora, amma mutane suka yi layi suna saye, aka sayar da sama da kwafi 600,000. Ya ce akwai dodanni biyar da za a yaƙa bayan Hitler: talauci, ciwo, jahilci, ƙazamin muhalli da zaman banza. Churchill ya ce a bari a ci yaƙi tukuna, a ga abin da aljihu zai iya. Maganar ba ta rasa hankali ba. Amma a kunnen wanda aka yi wa alkawari a 1918, “a bari tukuna” na nufin “a manta”. A Fabrairun 1943 'yan majalisar Labour kusan 100 suka yi wa gwamnatin da jam'iyyarsu ke ciki tawaye a kan wannan batu. Daga ranar jama'a suka san wa ke son abin da gaske.

Hajiya Rabi: Ni fa duk wannan tausayin da Alhaji ke ji ban san inda ya samo shi ba. A 1943 yunwa ta kashe miliyoyin mutane a Bengal ƙarƙashin mulkinsu. Kuma shi da bakinsa ya ce bai zama firaminista don ya jagoranci wargaza daular Birtaniya ba. Da ya ci zaɓen nan, ina tantama Indiya za ta samu 'yanci a 1947. In butulci ne, to Allah ya yi wa masu butulcin albarka.

Alhaji Garba: Hajiya, wannan wata shari'ar ce daban, kuma ban ce waliyyi ne ba. Amma mai zaɓe a Birmingham ba don Bengal ya ƙi shi ba. Ga tambayata, kuma ina so Malama ta amsa ba kwana-kwana. In lissafi ne ba butulci ba, me ya sa a 1951 suka dawo da shi yana ɗan shekara 76? Ai nadama ke nan. Sun ɗanɗana Labour sun ji. Burodi ma, da ba a taɓa ƙayyade shi lokacin yaƙi ba, a 1946 sai da kati ake sayensa.

Dakta Bashir: Maganar burodi gaskiya ce, Alhaji. Ga sanyin 1947 da ƙarancin kwal. Mutane sun gaji ƙwarai.

Malama Hadiza: Ba kwana-kwana, Alhaji. A 1951 Labour ta fi Conservative yawan ƙuri'u, kusan miliyan 14, fiye ma da abin da ta samu a 1945. Rabon mazaɓu ne ya ba su Churchill kujeru 321, Labour 295. Wannan ba kamannin al'ummar da ta yi nadama ba ne. Na biyu, wace Conservative ce ta dawo? Wadda ta riga ta haɗiye NHS, tsarin kiwon lafiya kyauta da Aneurin Bevan ya buɗe ranar 5 ga Yuli, 1948, ba ta rushe shi ba. Wadda ta yi alkawarin gina gidaje 300,000 a shekara, Churchill ya ɗora wa Macmillan aikin. Sai da suka koyi zancen sajen Kawu Iro aka sake buɗe musu ƙofa.

Nura: Wani abin mamaki, shi kansa Beveridge ya faɗi a 1945 a mazaɓar Berwick, don a Liberal ya tsaya. Sun ɗauki rahoton sun yar da mai rahoton.

Kawu Iro: To shi wannan fa, Alhaji, ba a yi masa butulci ba? Ko don bai iya jawabi ba?

Alhaji Garba: Iro, kai dai ba ka rabuwa da tsokana.

Dakta Bashir: Bari in kawo shaidar da ta fi tamu. Likitansa, Lord Moran, ya rubuta cewa a ranar sakamakon ya yi wa Churchill zancen rashin godiyar jama'a. Churchill ya ce shi ba zai kira shi haka ba, mutanen sun sha wuya matuƙa. Mai kaya ya ce ba a yi masa sata ba, Alhaji.

Alhaji Garba: Wannan ai dattaku ne, Dakta. Babba ba ya kuka a gaban yara. Shi ne kuma da matarsa Clementine ta ce wataƙila alheri ne ya zo a ɓoye, ya ce lallai kuwa ya ɓoyu sosai. Wannan maganar wanda bai ji ciwo ba ce? Kwana biyu kafin zaɓe ihu aka yi masa a filin wasa na Walthamstow. A can ba fatalwar kowa ce a kan dandamali ba, shi ne da kansa.

Malama Hadiza: Jin ciwo daban, a zalunce ka daban. Amma tunda gaskiya ake nema, bari in ba ka makamin da ba ka ɗauko ba. A mazaɓarsa ta Woodford, Labour da Liberal duk sun ƙi tsayar da ɗan takara don girmama shi. Sai wani manomi da ba wanda ya san shi ya fito a matsayin ɗan takara mai zaman kansa. Churchill ya ci da ƙuri'u kusan 28,000, amma manomin nan ya tashi da sama da 10,000.

Alhaji Garba: Madalla! To Malama, sauran miliyoyin na bar miki, ki kai su Jarrow, ki kai su Munich. Amma waɗannan dubu goman nawa ne. Su kam sunan Churchill ne a kan takardarsu, suka gani, suka tsallake shi suka dangwala wa manomi.

Malama Hadiza: Na bar maka su, Alhaji. Amma ka rage waɗanda a cikinsu 'yan Labour ne da ba a ba su ɗan takara ba.

Alhaji Garba: Ba na rage ko ɗaya.